Alkama a Gaɓar Valparaíso

Wata bakwai ke nan da sakin anga.
Ni ne Crisanto, kukun jirgi,
da buhunan shinkafa nake ƙirga kwana.
Saura huɗu da rabi.

Ta tagar kicin ina hangen gari,
gidaje sun ɗare duwatsu suna leƙen teku,
shuɗi, ruwan ɗorawa, ja,
kusa har haushin karnukansu yana iso mu,
mu kuwa ba mu da takardar taka ƙasa.

Alkama ce a cikinmu, tan dubu tara.
Ruwa ya tsarga rumbu na uku a hanya.
Mai saye ya ce ba ya biyan jiƙaƙƙe,
mai sayarwa ya ce a bushe ya loda.
Iyakar maganar ke nan, ko yaro ya gane.
Ashe kafin a san mai gaskiya
sai an san mai bakin faɗar ta.

Sashe na sha tara na yarjejeniya,
layi uku, haruffa kamar ƙwan kwarkwata,
ya ce in gardama ta tashi
mutum uku za su zauna a Stockholm su raba.
Sun zauna.
Ko warin alkamar ba su taɓa ji ba,
suka rubuto: hurumin namu ne,
kada wata kotu ta tsoma hannu.

Alƙaliya Ximena Barraza,
wadda ke ganin tutarmu daga kujerarta,
ta zare tabarau ta ce:
jirgi a ruwana, mai ƙara ɗan ƙasata,
wanda ya sa hannu a ƙarƙashin sashen nan
ba wanda ya aike shi.
Da la'asar aka liƙa mana takarda a ɗakin tuƙi.

Stockholm ta haramta ƙarar nan,
nan ta haramta zaman Stockholm.
Ɗaya ta ce kada mu sauke, ɗaya ta ce kada mu tashi.
Zaman 'yan marina,
mu ne tsumman da aka manta a cikin baba.

Kyaftin Zdravko yana da jaka biyu a tebur,
ya daina buɗe su.
Yanzu ƙugiya yake jefawa ta bayan jirgi,
ya kama, ya duba, ya mayar.
Temur, yaron inji, yana goge ƙarfen da ba ya juyawa,
tsatsa tana biye da shi kamar bashi.
Ni na bar Luningning da ciki wata biyu a Iloilo.
Jiya na ji kukan a waya,
muryar tana yankewa,
sai na riƙe ludayi da hannu biyu.

Ran Alhamis lauya yake zuwa a ƙaramin kwalekwale,
takalmi mai sheƙi, ya ci soyayyen kifina,
ya ce an samu ci gaba:
an sa ranar da za a sa rana
don jin ko akwai ikon a ji.
Alkama, alƙali, alƙalami, alƙawari,
har na daina rarrabe su a baki.

Shekaranjiya muka ɗaga murfin rumbu na uku.
Zafi ya bugo mu, da tsami,
can kuma a kusurwar da hasken rana ke ɗiga
alkama ta tsiro,
kore shar, ta kai idon sawu,
duk ta karkata wuya gefe guda.
Temur ya cire hula. Ban san dalili ba.

Na ciro danƙi ɗaya da saiwarsa,
na dasa a gwangwanin madara,
na ajiye a taga, wajen da ke kallon gari.
Yau da lauya ya gama suɗe ƙashi
na nuna masa, na ce: ranka ya daɗe,
wannan fa, na wace kotu ce?

Bai yi dariya ba.
Ya juya gwangwanin, ya duba gindinsa,
ya ce zai bincika.